Ruwan Maɗaciya da Sankarar Mama: Tambayoyin Masu Ciwo da Masu Jinya a Katsina da Daura

Maganar alaƙar ruwan maɗaciya da sankarar mama ta baro ɗakunan bincike ta iso kunnen jama'a, kuma ta iso da ƙarin gishiri. Wasu sun ji cewa shi ke kawo ciwon, wasu kuma sun ji cewa shi ne maganinsa. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin mata masu ciwon da mazajensu da ɗiyansu. An sa musu lamba don a iya tsallakawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Mene ne ruwan maɗaciya, kuma me ake nufi da asid ɗinsa?

Duk wadda ta taɓa gyara kaza ta san 'yar jakar nan koriya da ke manne da hanta, wadda in ta fashe nama ya yi ɗaci. Ita ce maɗaciya. Ajiya kawai take yi, hanta ce ke haɗa ruwan, kimanin mililita 400 zuwa 800 a yini ga baligi. Da an ci abinci mai maiƙo sai maɗaciya ta matse, ta zuba shi a farkon ƙaramin hanji.

A cikin ruwan akwai wasu sinadarai da hanta ke ƙerawa daga kolestirol (wani nau'in kitse da ke cikin jini), su ake kira asid ɗin maɗaciya. Aikinsu irin na sabulu ne a kan tukunyar suya: su tarwatsa maiƙo don jiki ya iya tsotse shi tare da bitamin A da D da E da K. Manyan biyun da hanta ke yi su ne kolik da kinodiyoksikolik. Jiki ba ya almubazzaranci da su, domin kusan kashi 95 cikin 100 yana sake tsotse su a ƙarshen ƙaramin hanji ya mayar wa hanta, a yi ta zagayen nan sau da dama a yini. Ɗan abin da ya kuɓuce ya shiga babban hanji, can bakteriya ke sauya shi zuwa wasu biyu, diyoksikolik da litokolik. A riƙe sunayen biyun nan, don a kansu aka fi yin muhawara.

2. To ina hanta, ina mama? Ta yaya abin da ke cikin hanji zai kai ga nono?

Ta jini. A zagayen da muka ambata, hanta ba ta kwashe duka, ɗan kaɗan na wucewa ya bi jini ya zaga jiki. A 1990 masu bincike a Jami'ar New York, cikinsu har da Norman Javitt, sun gano asid ɗin litokolik a ruwan da aka zuƙo daga ƙullutun nono mai ruwa a ciki. A 1994 sai suka ba wasu mata asid ɗin kinodiyoksikolik da aka yi wa alama suka haɗiye, daga baya suka iske alamar a ruwan ƙullutun. Wannan ya nuna akwai hanya daga hanji zuwa mama. A lura, irin wannan ƙullutu mai ruwa galibinsa ba sankara ba ne.

Abin da ya ƙara wa zancen nauyi shi ne gano cewa asid ɗin ba narkar da maiƙo kaɗai yake yi ba, yana kuma isar da saƙo ga ƙwayoyin halittar jiki. A 1999 aka tabbatar da cewa wani makarɓin saƙo mai suna FXR asid ɗin maɗaciya yake saurara, a 2002 da 2003 kuma aka gano na biyu, TGR5. Zuwa 2006 masu bincike a Landan sun nuna cewa ƙwayoyin sankarar mama ma suna da FXR. Tunda suna iya jin saƙon, tambayar da ta rage ita ce me saƙon ke ce musu, su ƙaru ko su mutu. Duba tambaya ta 4.

3. Ke nan shi ke jawo sankarar mama?

Ba a tabbatar da haka ba, kuma babu wata hukumar lafiya da ta lissafa shi cikin musabbaban ciwon. Zargin dai tsoho ne. Tun 1940 aka wallafa cewa diyoksikolik ya haifar da ƙari a jikin ɓeraye, a 1971 kuma Michael Hill da abokan aikinsa a Ingila suka kawo ra'ayin cewa bakteriyar hanji na iya samun hannu a sankarar mama. A 2002 wani ƙaramin bincike a Landan ya iske diyoksikolik ya fi yawa a jinin matan da suka daina al'ada kuma aka gano musu ciwon, in an kwatanta da masu lafiya. Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nuna wanda ya jawo wani. Ciwon kansa na iya sauya jini.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari su ne shekaru, gado (musamman matsala a ƙwayoyin gado BRCA1 da BRCA2), ƙiba bayan daina al'ada, shan giya, fara al'ada da wuri da jinkirin haihuwar fari. Shayarwa na rage haɗarin da kimanin kashi 4 cikin 100 a kan kowace shekara guda da aka shayar. Ragewa muka ce, ba kawarwa ba. Mace mai haihuwa tara da ta shayar da kowannensu na iya kamuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu ciwon ba su da wani dalili da za a nuna ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru.

4. Amma mun ji an ce yana kashe ƙwayoyin ciwon. Wanne za mu ɗauka?

Duka biyun an gani, shi ya sa zancen ke da wuyar taƙaitawa. A 2018 ƙungiyar Péter Bai a Jami'ar Debrecen da ke Hungari ta ba da rahoton cewa litokolik ya rage yawaitar ƙwayoyin sankarar mama da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ya kuma rage bazuwarta a jikin ɓeraye. Sun ga kuma cewa matan da ciwonsu ke matakin farko suna da ƙarancinsa a jini. A 2019 masu bincike a Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka suka auna ƙarin da aka cire daga jikin mata, suka iske asid ɗin maɗaciya na taruwa a ciki, kuma waɗanda nasu ya fi tara shi sun fi daɗewa a raye. Kafin nan, a 2011, a Jami'ar Kalabiriya ta Italiya an nuna cewa tada FXR ya rage girman ƙwayoyin da suka daina jin maganin sankarar mama mai suna tamoksifen.

A ɗaya ɓangaren, masu bincike a Beljiyam sun ga cewa in babu istirojin (sinadarin jikin mace da wasu nau'o'in sankarar mama ke girma da shi) a wurin, tada FXR ɗin nan na iya zaburar da ƙwayoyin su ƙaru. Wasu kuma sun ga diyoksikolik na taimaka wa ƙwayoyin su tsira su kuma yi ƙaura. Saɓanin ba ƙarya wani ya yi ba. Sakamakon ya danganta da wane asid aka yi amfani da shi, yawansa nawa, da kuma wane nau'in sankara, domin sankarar mama ba iri ɗaya ba ce: akwai mai cin istirojin, akwai mai yawan HER2 (wani makarɓin saƙo da ke zaburar da ƙwayoyin su ƙaru), akwai wadda ba ta da ko ɗaya.

Wani abin da masu yaɗa labari ke tsallakewa shi ne yawan da ake zubawa a kwanon gwaji sau da yawa ya ninka wanda ke jinin mutum nesa ba kusa ba. A irin wannan yawan asid ɗin na fasa kowace ƙwaya, mai ciwo da mai lafiya. Don haka ne ma a 2015 Amurka ta amince da allurar diyoksikolik don narkar da kitsen ƙasan haɓa. Kashe ƙwayar sankara a kwano abu ne mai sauƙi. Kashe ta a jikin mace ba tare da an lalata hanta da hanji ba shi ne aikin, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

5. Mene ne ruwan bakteriyar hanji a ciki?

Su ke ƙera asid biyun da ake muhawara a kansu, don haka in suka sauya, haɗin asid ɗin jini ya sauya. Akwai kuma hanya ta biyu. Hanta na ɗaure istirojin da jiki ya gama da shi ta zuba a ruwan maɗaciya don ya fita ta bayan gida, amma wasu bakteriya na kwance ɗaurin, jiki ya sake tsotse shi. Ga mai sankarar da ke cin istirojin wannan abin dubawa ne. A 2019 ƙungiyar Melanie Rutkowski a Jami'ar Bajiniya ta Amurka ta hargitsa bakteriyar hanjin ɓeraye da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sai irin wannan sankara ta fi saurin bazuwa zuwa huhu.

Ɓeraye ne, ba mata ba. Kada wata ta ƙi shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita ya rubuta, musamman mai karɓar kemo (magunguna masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara) da zazzaɓi ya kama, don a wurinta jinkiri na iya kisa. Abin da ya kamata a bari shi ne ɗabi'ar nan tamu ta tsayawa a kemis a sayi kafso biyu saboda mura ko murɗawar ciki.

6. Kolestirol ɗina ya hau. Yana da alaƙa?

Akwai alaƙa ta ɗakin gwaji. A hanyar mayar da kolestirol asid ɗin maɗaciya, jiki na samar da wani sinadari da ake taƙaita sunansa 27HC. A 2013 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun nuna cewa yana kwaikwayon istirojin, yana ƙara girman sankarar mama a ɓeraye. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake gwada magungunan rage kolestirol na rukunin statin a kan mata masu ciwon, kamar babban gwajin da aka shirya a Denmak. Ba a mayar da su maganin sankara ba. In likita ya ba ki su don zuciya, ki ci gaba da sha, ki kuma sanar da likitan sankararki.

7. Ba za a iya ɗibar jini a auna asid ɗin a gane ko ina da ciwon ba, maimakon a huda ni?

A'a. Gwajin asid ɗin maɗaciya a jini yana nan, amma ana yin sa ne don matsalar hanta, misali ga mai juna biyu da ƙaiƙayi ya dama. Ba ya nuna sankarar mama. Hanyar ganowa ita ce likita ya duba da hannu, a yi sikanin ko hoton mamogiram, sannan a ɗebi ɗan tsokar ƙullutun da allura a duba.

Mun san abin da ke bayan tambayar: maganar nan ta cewa daji ba ya son ƙarfe. Allurar gwaji ba ta watsa ciwon. Abin da ke faruwa shi ne mata da yawa ba sa zuwa sai ciwon ya riga ya bazu, sai a ɗora laifin a kan allurar da aka yi daga baya. Kuma daga tsokar nan ce kaɗai ake sanin nau'in ciwon, wanda a kansa ake zaɓen magani.

8. Wani mai magani ya ce a samo maɗaciyar rago ko ta sa a wurin mahauta a sha. A gwada?

Kada a gwada. An riga an ga ƙarshen wannan. A 1995 a Saudiyya, mutum 14 masu ciwon suga sun sha ruwan maɗaciyar tunkiya bisa shawarar mai maganin gargajiya. Suka kama amai da gudawa, gwaji ya nuna illa a hanta da ƙoda, aka kwantar da da dama daga cikinsu, sugan kuma yana nan. A ƙasashen Asiya an sha ganin ƙoda ta tsaya cak bayan haɗiye ɗanyar maɗaciyar wani kifi.

Ga mai sankarar mama asarar biyu ce. Hantar da ta ji rauni ba za ta ɗauki kemo ba (duba tambaya ta 11), sannan makonnin da aka ɓata ana jiran sakamako ciwon bai tsaya jira ba. A sani kuma, lambar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta a kai.

9. To kafson da ake sayarwa na asid ɗin maɗaciya fa?

Ursodiyoksikolik ke nan, wanda aka fara samu daga maɗaciyar dabbar nan beyar, yanzu kuma ake haɗa shi a masana'anta. Magani ne na gaske don narkar da wasu duwatsun maɗaciya da kuma wani ciwon hanta da ke toshe ƙananan hanyoyin ruwan. Ba maganin sankarar mama ba ne. An gwada shi a kan sama da mutum 1,200 a Amurka don hana tsiron hanji dawowa, sakamakon da ya fito a 2005 bai nuna raguwar da ake fata ba. A wani gwajin na 2009 da aka ba masu wani ciwon hanta shi da yawa, waɗanda suka sha sun fi shiga matsala. Haka obetikolik, maganin da aka ƙera don tada FXR, wanda aka amince da shi a 2016 don ciwon hanta, daga baya sai da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani cewa yana iya lalata hantar wasu.

10. An cire min maɗaciya saboda duwatsu. Haɗarina ya ƙaru?

Cire maɗaciya ba ya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mama. Hanta na ci gaba da yin ruwan, sai dai yana ɗiga kai tsaye cikin hanji. Ki ci gaba da duba nononki kamar kowace mace.

11. Me ya sa ake ɗibar jinin Mama a duba hanta kafin kowane zagayen kemo? Kuɗin na yi mana yawa.

Nan ne ruwan maɗaciya ya haɗu da maganin sankarar mama a zahiri, yau ba gobe ba. Manyan magungunan kemo na wannan ciwo, wato doksorubisin (jan ruwan nan) da faklitaksel da dosetaksel, hanta ce ke sarrafa su ta fitar da su ta ruwan maɗaciya. In hanyar ta cushe, maganin ya daɗe a jini, ƙwayoyin jini su faɗi, baki ya yi gyambo, zuciya ma na iya taɓuwa. Likita na duba sinadarin bilirubin da wasu alamomin hanta don ya san ko zai ba da cikakken awo, ko ya rage, ko ya ɗaga ranar. Kuɗin gwajin ya fi sauƙi nesa a kan kuɗin kwanciya.

A nemi kuma gwajin ciwon hanta nau'in B kafin fara kemo. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da shi, da yawa ba su sani ba, kuma kemo na iya tada shi daga barci. Akwai ƙwayar da ake sha don hana hakan. Masu shan tamoksifen su ma a riƙa duba su lokaci-lokaci, don yana iya sa kitse ya taru a hanta. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da Mama ke sha, a faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba.

12. Idonta ya yi ɗorawa, jiki na ƙaiƙayi. Shawara ce ko ciwon ne ya kai hanta?

Ido ɗorawa da fitsari ja wur da bayan gida fari-fari alama ce ruwan maɗaciya ba ya fita yadda ya kamata. Zai iya zama ciwon ne ya kai hanta, zai iya zama dutse, ko ciwon hanta, ko illar magani. Ba a bambance su da ido, sai da gwajin jini da sikanin ciki, kuma a yi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada a fara da jiƙon shawara.

Don ƙaiƙayin, likita kan ba da kolestiramin, garin da ke kama asid ɗin a hanji ya fita da shi. Irinsa, kolestifol, an gwada shi don rage gudawar da maganin neratinib ke sa masu sankara mai HER2. Amma garin na kama wasu magunguna ma, don haka a sha sauran awa 1 kafinsa ko awa 4 zuwa 6 bayansa.

13. Akwai abincin da ke gyara asid ɗin?

Abinci na sauya shi, kuma cikin sauri. A wani gwaji da aka wallafa a 2015, baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu sun yi musayar irin abincinsu na mako biyu. Waɗanda suka koma cin abinci mai harza, wato dusar hatsi da wake da ganye, asid ɗin da bakteriya ke ƙerawa ya ragu sosai a hanjinsu. Waɗanda suka koma cin maiƙo da nama nasu ya ninka. Binciken na sankarar hanji ne. Game da mama, nazarin da ya haɗa bincike da dama a 2020 ya nuna matan da suka fi cin harza haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi 8 cikin 100.

Ba sai an je nesa ba: tuwon dawa da na gero da ba a surfe har ya yi fari tas ba, wake, dambun zogale, rama, kuka, kuɓewa. Abin takaici, a cikin garin Katsina su ne muke ta bari muna komawa farar shinkafa da taliyar leda da lemon kwalba. A guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, gubarsu na lalata hanta. Wadda ke kan kemo kuwa kada a ɗora mata dokokin abinci har ta rame. Tana buƙatar ƙwai da kifi da nama da nonon da aka dafa.

14. Binciken nan ya shafi matanmu kuwa?

Da sauran aiki. Yawancinsa an yi shi ne a kan ɓeraye da ƙwayoyin gwaji irin su MCF-7, waɗanda aka samo daga wata Baturiya a Amurka a 1970, kuma masu cin istirojin ne. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Cikago, ta jagoranta a 2009 ya nuna cewa a Najeriya da Senegal nau'in da ba ya cin istirojin ya fi yawa fiye da yadda ake gani a Turai, kuma yana kama mata da ƙuruciyarsu. Ga shi bakteriyar hanjin mai cin gero da daddawa a Mai'aduwa ko Baure ba ɗaya take da ta mai cin abincin Amurka ba. Wannan fili ne ga masu bincike a jami'o'inmu. Ko a can ma, cikin magungunan sankara 10 da ke shiga gwajin farko a kan mutane, da ƙyar 1 ke kaiwa kasuwa.

15. Na ji ƙullutu a nonona. Ina zan nufa a nan?

Asibiti mafi kusa, cikin makon nan, ko yana ciwo ko ba ya yi. Haka in kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, ko fatar ta yi kauri ta lotsa, ko an ji kaluluwa a hammata. Mai shayarwa da aka ce ƙurji ne, in an sha magani bai baje ba, ta koma. Daga Daura ko Funtuwa ko Malumfashi, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda aka buɗe cibiyar kula da masu sankara a 2025. Kafin nan masu buƙatar a gasa ciwon da hasken na'ura sai sun tafi Shika ko Sakkwato ko Abuja.

Ƙiyasin 2022 ya nuna sama da mata 32,000 sun kamu da ciwon a Najeriya a shekarar, sama da 16,000 sun rasu, galibi saboda an zo a mataki na 3 ko na 4. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a kammala gano ciwon cikin kwana 60 daga zuwan farko. In an yi gwajin tsoka, a tabbatar an duba ER da PR da HER2, alamomin da ke nuna nau'in ciwon, a karɓi kwafin takardar sakamakon, a riƙa zuwa da ita tare da na gwajin hanta duk ranar ganin likita.